Kafin ka ɗaga katkat ɗinka, ka san abin da amartisa za ta iya ɗauka



Yau maganar mota za mu yi, amma a ƙarshenta maganar rai ce. Duk wanda ya tsaya tasha ranar kasuwa ya ga katkat ɗin da ke shiga Sakabal, Bermo, Azagor ko Gadabeji, ya san abin da nike nufi. Motar da ka sani bara tana daidai ƙugunka, bana sai an kama hannun tsohuwa an jawo ta kafin ta hau. An ɗaga ta. An ƙara mata lam biyu ko uku a baya, wani ya sa an tsawaita ƙarfen da ke riƙe bakin lam, wani kuma an saƙa mishi guntun ƙarfe tsakanin pon da lam. Direba ya zagaya ta yana murmushi, ya ce yanzu ta zama namiji. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: amartisa fa, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma shokazoba, an canza ta ko ita ce dai ta jiya?

Kwanakin baya na dawo daga wani ɗaurin aure a arewa cikin wata tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Mun fi mutum ashirin, ga buhuna, ga awaki biyu ɗaure a gefe. Duk ramin da muka faɗa sai in ji wani ƙara daga ƙasa, kwas, kamar ana buga guduma a jikin shasi, sannan bayan motar ya yi ta lilo sau uku ko huɗu kafin ya natsu. Da muka tsaya shan ruwa na leƙa ƙarƙashi. Amartisar hagu ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata. Ta dama kuwa kunnenta na sama ya tsinke, an ɗaure ta da roba don kar ta ja ƙasa. Na yi ma direba magana, ya ce: "Ai malam, wagga ba ta da wani aiki, lam ke ɗaukar kaya." Wata dattijuwa da ke riƙe da jikanta ta dube ni ta ce: "Ɗana, dai ka yi addu'a." Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Amma maganar direban ta tsaya mini a rai, domin rabinta gaskiya ce, kuma rabin gaskiyar nan ita ke kashe mutane.

Gaskiya ne lam ke ɗaukar nauyi. Sai dai lam, in ka danne ta ka saki, ba ta tsayawa nan take, tsalle za ta yi ta yi. Aikin amartisa shi ne kashe wannan tsallen. A cikinta akwai mai da wani fistan mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, sai man ya matsu ta cikin ƙofofin nan, ƙarfin girgiza ya koma zafi ya fita. Da haka taya ke zama manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle a iska kuwa, birki ba ya kama ta, sitiyari ba ya juya ta. Ke nan wanda ya ce amartisa ta jin daɗin zama ce kawai, bai san cewa birkinshi da sitiyarinshi duk a kanta suka dogara ba.

To mi ke faruwa in an ɗaga mota? Kowace amartisa tana da iyakar miƙewa da iyakar tsukewa. Mu ɗauki misali, a ce tafiyarta duka santimita 20 ce, kamfani ya zaunar da ita a tsakiya: 10 na sama, 10 na ƙasa. In ka ɗaga motar da santimita 5, ka cinye rabin miƙewar da ta rage mata. In ka kai 8 ko 10, tun motar na tsaye amartisa ta kusa ƙurewa. Da taya ta faɗa rami, lam na son ta bi ta ƙasa, amartisa ta ce nan na tsaya. Wannan ƙaran kwas da muke ji, shi ke nan. Duk nauyin pon da taya ya rataya a kan ɗan sandan ƙarfe da robobi biyu. Robobin ke fara cinyewa, sai mai ya fara zuba, daga nan kunne ya tsinke, wani lokaci ma ya yage wurin da aka ɗaura shi a jikin shasi.

Wasu sun gano haka sai su je kasuwa su ce a ba su doguwa, ko ta wace mota ce. Nan ma akwai tarko. Amartisar da ta fi tsawo in ta miƙe, ta fi tsawo kuma in ta tsuke. Ranar da aka yi lodi, mota ta zauna, ita za ta fara ƙurewa kafin pon ya taɓa robar da kamfani ya sa don tare bugu. Sai ta zama ita ce ke karɓar dukan tan biyu ko uku. Sandan ya lanƙwashe, ƙofofin ciki su fashe. Shi ya sa makanike na ƙwarai ba ya saye da ido. Yana ɗaga shasi ya bar pon ya sauka iyakarshi ya auna, ya danne ya sake aunawa, sannan ya nemi wadda ta dace, ya kuma ƙara ma robar tare bugu tsawo in ta kama.

Sannan ga hanyarmu. Daga Tibiri zuwa Dakoro ta Kornaka akwai gudiro. Amma da ka bar gari ka nufi kwarin Tarka, sai rairayi da jar hanya mai ƙunya-ƙunya kamar kwanon rufi, abin da muka koya a lakwal da suna tôle ondulée. A irin wannan hanya amartisa na motsi ba hutawa. Haɗa da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Man ciki ya yi zafi ya yi kumfa, ƙarfinta ya ragu tun ana tsakiyar tafiya. Lam ɗin da aka ƙara ta fi tauri, tana maido da mota da ƙarfin da ya wuce wanda aka yi amartisar dominshi. Ka ga an ƙara mata aiki, an rage mata wurin motsi, a cikin zafin da ko sabuwa sai ta ji jiki.

Akwai kuma abubuwa uku da ɗagawa ke taɓawa waɗanda ba a gani daga waje.

Na farko, tiyon man birki. Robar da ke sauka daga shasi zuwa pon an yanke ta ne daidai tsawon asali. In pon ya sauka fiye da da, sai ta miƙe kamar igiyar guga. Ranar da ta fashe ba ta sallama.

Na biyu, tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wata ƴar na'ura a baya, mai dogon sanda da ke haɗe da pon. Ita ke auna yadda bayan mota ya zauna. In ya yi ƙasa ta san akwai kaya, sai ta ƙara ma birkin baya ƙarfi. In ya yi sama ta ɗauka mota wayam take, sai ta rage. Kai da ka ɗaga baya ba ka gyara sandan ba, ka yi mata ƙarya: tana ganin babu kaya alhali buhu goma sha biyar ne a sama. Birkin baya ya yi sanyi daidai lokacin da aka fi bukatar shi.

Na uku, nauyi ya hau sama. Wannan ko yaro ya sani: tulun da aka ɗora a kan doguwar kujera ya fi saurin faɗuwa. Mota ta ƙara tsawo, an jera buhuna, mutane sun zauna a kan buhunan, ƙafafu na reto. Taya ɗaya ta nutse a rairayi ko direba ya kauce ma jaki, sai labari ya canza. Ban da wannan, kardan na aiki a karkace yana cin kurwaziyo, sitiyari na yawo, fitilar gaba kuma ta daina haska inda ya kamata.

Yanzu bari in yi ma direbobi adalci, don ni ma na san ba don ado suke yi ba. Da damina manyan motoci na haƙa hanya su bar tudu a tsakiya. Gazuwal ya yi tsada, kuɗɗin mota kuma ba a iya ƙara ma talaka yadda aka ga dama. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan gyara sun ƙara wuya, na Maradi da na Ƙofar Ruwa a Kano duk sai ka tona aljihu, kuma jabu ta cika kasuwa. In ba don katkat ɗin nan ba, garuruwa nawa ne za su yanke daga kasuwa da asibiti? Mai naƙuda a rugar da ke bayan Bermo ba ta da wata hanya sai su. Wannan duk gaskiya ne, kuma mun gode musu.

Amma ga abin da nike son su duba. In don tudun tsakiyar hanya ne, ƙarin lam ba ya ɗaga pon ko da yatsa ɗaya. Jikin mota ke hawa, kaskon pon na nan inda yake, tsawon taya kaɗai ke ɗaga shi. In kuma don kaya ne, lam na hana baya zama, amma ba ta ƙara ma pon ƙarfi, ba ta ƙara ma birki, ba ta ƙara ma taya ko shasi. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984 ta kuma sake ma gabanta resor mai naɗi a 1999, abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Buhun hatsi goma masu kilo 100 sun cika shi. Mutum ashirin, ko kowane kilo 60 ne, sun kai kilo 1200 su kaɗai. Da can in an yi lodi fiye da ƙima, bayan mota na zama ƙasa kowa ya gani, fasinja ma ya ce a rage. Yanzu ƙarin lam ya ɓoye alamar. Motar na tsaye ƙyam tana ɗauke da ninki biyu.

A Ostareliya, inda suke da daji da jar hanya irin tamu kuma suke ji da Land Cruiser kamar mu, su ma suna ɗaga mota. Sai dai a yawancin jihohinsu, in ɗagawar ta wuce wajen santimita 5 sai injiniya ya duba ya sa hannu, kuma lam da amartisa tare ake sayar da su a matsayin kaya guda. Ba na cewa mu kwafo dokarsu gobe da safe. Hankalin da ke ciki ne abin ɗauka: in ka taɓa ɗaya, ka duba sauran.

Saboda haka ga shawarata. Mai mota, in dole sai ka ɗaga, ka tsaya a kan kaɗan, kar ka wuce yatsu uku. Ka sa kuɗɗin amartisa cikin lissafi tun farko, ka canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. Ka guji guntun ƙarfe ko itace a ƙarƙashin lam, musamman a gaba. Ka ce ma makanike ya duba tiyon birki da sandan na'urar baya kafin ka biya shi. Bayan tafiya mai nisa ka kai bayan hannu kusa da kowace amartisa a hankali: mai aiki za ka ji ta da ɗumi, wadda ta yi sanyi ƙalau alhali ƴar uwarta na da zafi, ta mutu.

Makanikai da masu walda, ku ne malaman wannan fanni. In mutum ya zo ya ce a ƙara lam uku, ku gaya mishi abin da zai biyo baya, ko da zai ji haushi ya tafi garejin gaba. Shugabannin tasha da sandikan direbobi, ku da ke rubuta sunan mota kafin ta yi lodi, leƙa ƙarƙashi ba ya cin minti biyu. Hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, da masu bizit teknik, muna roƙo wayar da kai ta iso har tashoshin daji, cikin Hausa da Fulatanci da Tamajeq, domin motocin da suka fi ɗaukar rai ba kan gudiro suke yini ba.

Mu fasinja kuma muna da baki. In ka ga amartisa ɗaure da roba, ko mota na lilo tun ba ta bar tasha ba, ka yi magana. In mutum ɗaya ya faɗa za a ce tsoro gare shi, in mutum biyar suka faɗa za a sauke buhu. Addu'ar da dattijuwar nan ta ce in yi, na yi ta, kuma kullum muna yi. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Allah ya tsare hanya, ya ba direbobinmu halal mai albarka, ya maido kowa gida lafiya. Amin.