Henri Rousseau da Masu Yi Masa Dariya

Duk mai raina baiwar da ba ta bi ta makaranta ba, ya kamata ya san labarin Henri Rousseau, Bafaranshen da aka haifa a garin Laval a 1844. Aikinsa karɓar harajin kaya a ƙofofin birnin Faris, kuma sai da ya kai shekara 40 kafin ya riƙi zane da gaske, ba malami, ba takardar shaida. Da ya fara baje kolin zanensa a 1886, masu sharhi suka yi masa ca, wai hannunsa na yara ne. Bai taɓa barin Faransa ba, amma ya zana dazuzzuka masu duhuwa, da zakuna da birai, daga abin da ya gani a lambun tsirrai na Faris. Shahararren mai zane Picasso ya shirya masa liyafa a 1908, sai dai cikin talauci Rousseau ya mutu a 1910. A ganina, kuskuren masu sharhin shi ne auna shi da mudun makaranta, suka kasa ganin gwanintarsa wajen haɗa launi. Yau zanensa na rataye a manyan gidajen tarihi na Landan da New York.