A Sa Tayar Mota Cikin Kayan Haihuwa

Uwargida, tun cikinki na wata bakwai kin gama haɗa jaka: zannuwa, audugar mata, kayan jariri, katin awo. Maigida, kai fa, yaushe rabonka da ka duƙa ka dubi tayoyin motar da za ta kai ta asibiti?

Mazauna GRA sukan ga kwalta har ƙofar gida, asibiti kuma ba nisa, sai su saki jiki. To amma naƙuda ba ta sallama. Sau da yawa cikin dare take zuwa, lokacin da masu faci sun tashi. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, jijjiga ma ba ta jira a nemo jak a maƙwabta. A ganina tayar mota na cikin shirin haihuwa, daidai da tanadin wanda zai ba da jini.

Ka fara da shekarunta. A gefen kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin kada a wuce shekara 4 daga wannan rana. Nan ne matsalar tayar Beljiyam take: zanenta ras, kuɗinta da sauƙi, amma robar ta tsufa tun a can, wata ma don ƙanƙara aka yi ta. Ka ɗora ta kan kwaltar Katsina a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka kama hanyar Daura ko Malumfashi kai amarya goyon ciki gidan iyayenta. Arha dai ba ta ado.

In kuɗin guda huɗu sun gagara, sayi sababbi biyu masu lambar da ke jikin ƙofar direba, a ɗaura su baya. Mutanenmu sun saba sa su gaba, amma tayar baya in ta zame a ruwan damina, mota juyawa take yi. Taya mai ƙullutu ko tsagewa a gefe ba ta faci, canzawa ake yi.

Iska kuwa a auna ta da geji, da safe kafin taya ta ɗau zafi, ba da bugun hannu ba. A haɗa da safaya, don ita aka fi mantawa har ta sace a but. A tabbata jak da sifana na ciki.

Ke kuma uwargida, kada ciki ya hana ki ɗaura bel. Na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin nono. In mota ta yi haɗari ko da ƙarami ne, ko ba ki ji ciwo ba, ki zo a duba ki da abin da ke cikinki a ranar.