Kai kukan hayaniya wurin hukuma ba rashin kara ba ne

Da can, in an yi sallar lisha a ƙauyukanmu sai gari ya yi tsit, in ban da kukan jaki da haushin kare. Yanzu kuwa abin ya sake. Injin niƙa yana tashi tun kafin asuba a bayan katangar mutane. Mai gidan kallon ƙwallo yana kunna janareto har ƙarfe 1 na dare. Samari ƴan kabu-kabu suna cire salansa don a san sun wuce. In ana biki kuwa, sai mai kiɗa ya kafa manyan lasifikoki kwana uku cur.

Wa ke shan wahalar? Manomin da zai yi sammakon gona, da tsohuwa mai hawan jini, da mai jego, da ɗan lakwal mai shirin jarrabawa. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin barci, wato kamar raɗa. Mu gwada wannan da injin da ke tsakaninsa da shimfiɗar mutum katangar laka guda ce.

Abin da ya fi damun mu shi ne shirun da muke yi. Mai injin surukinka ne, mai bikin ɗan wanka ne, ka ce me? A wurinmu wanda ya kai maƙwabci ƙara ya yi rashin kara. Sai a yi ta haɗiyewa, har ranar da haƙuri ya ƙare, a tsinke wayar janareto cikin dare, ko a fito da sanduna. Maganar da mai gari zai kashe da zama guda sai ta ƙare a hannun jandarma, gidaje biyu su shekara ba gaisuwa.

Alhali kuwa hanya tana nan. Dokar 2015 mai tsara matsayin sarakunan gargajiya ta tabbatar wa mai unguwa da mai gari da sarki ikon sulhunta mutanensu. Dokar 2010 ta ƙananan hukumomi kuma ta ɗora wa shugaban komin kula da natsuwar jama'a. Gaskiya ne a Afrilun 2024 an rushe majalisun komin aka naɗa masu riƙo, amma ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, wannan nauyi bai faɗi ba.

A ganinmu bin matakai ya fi. Da fari a sami mutumin da rana, cikin mutunci, a gaya masa. In bai ji ba, a tafi wurin mai gari, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai: magidanta uku ko huɗu in suka je tare, ba mai cewa ƙiyayya ce. A faɗi ranaku da lokutan da abin ke faruwa, ban da zagi. In aka sasanta, a roƙa a rubuta, kowa ya sa hannu, don maganar baka iska ce. Sai in an karya wannan alkawari ne za a ɗauki takardar zuwa ma'aikatar magajin gari.

Wani zai ce ana son hana talaka neman abinci. Ko kusa! Injin niƙa ya hutar da matanmu daga dakan asuba, ba mu fatan rasa shi. Biki ma ba mu ce a bari ba. Abin da muke nema lokaci ne da wuri: a sa ƙa'idar buɗewa da rufewa, sabon inji a kafa shi gefen kasuwa, kiɗa ya tsaya a sa'ar da gari ya amince.

Su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu. Kada a jira sai an kawo kuka. A tara masu gari da limamai da mata da matasa a tsai da lokutan, a yi shela ranar kasuwa da ta rediyon karkara. Sa'an nan ƙa'idar ta hau kan kowa, har ɗan sarki da attajirin gari. Ran da aka rufe injin talaka aka bar bikin mai kuɗi yana kwana, ran nan mutane za su koma ga sandunansu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.