DAGA LOKESHIN: Kyamara ma sai ta yi gudu

Jama'a, akwai wasan da Turawa ke kira tirayatilon: mutum ɗaya zai yi iyo na kilomita ɗaya da rabi, ya hau keke ya ci kilomita 40, sannan ya ƙarasa da gudun kilomita 10. A gasar Olamfik ta Sidni, 2000, aka fara saka shi.

Ni fa masu ɗaukar bidiyon atisayen 'yan wasan su ke burge ni. Mai kyamara kan hau bayan babur ya zauna a juye, yana fuskantar mai keke, ana tsula gudu, hoto kuma ko rawa ba ya yi. Mu kuwa a kafe kyamara a falo, Alhaji da Hajiya su yi ta zuba!

Ga Rafin Guza nan: kogin Kaduna, lambuna, hanyar ƙasa, da samarin da suka iya ruwa kamar kifi. Lokeshin a ɓagas. Amma darakta, don Allah ka bari sai rani. Da damina kogin nan har gidajen mutane yake shiga, jarumanmu da yawa kuwa a bokiti kawai suka san ruwa. Ka tanadi kwalekwale da masunta a gefe kafin ka ce "akshin".