Kama Da Wane Ba Ta Wane: Jan Kunne Game Da Kwamfutocin Makarantunmu

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, wannan na'ura ta zama tilas ga yaron Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar yadda allo da tawada su ka zama tilas ga kakanninsa. Amma yawan kwamfutocin da ke cikin makaranta ba shi ne abin dubawa ba, sai dai guda nawa ke tashi in an kunna. A ganina akwai wata hanyar asara wadda malamai da akawuna za su iya toshewa da alƙalami kaɗai.

Ga yadda abin ya ke. A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo wanda aka dasa kayanta a kai, shi ne masu gyara ke kira bod. A kan allon akwai 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafafu, wadda ke riƙe da umurnin farko da na'urar ke karantawa da zarar wuta ta shige ta. In umurnin nan ya ɓaci, kwamfuta ba ta ko buɗe ido. Kamfanoni kan sake fasalin allo sau da yawa ba tare da sun sake suna ko akwati ba. Saboda haka kwamfutoci biyu na iya zama kamar an tsaga kara daga waje, alhali cikinsu dabam.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1981 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da ZX81. Na farkon, in an tambaye su lambar da za a ninka da kanta ta ba da 0.25, sai su ce 1.3591409, maimakon 0.5. Kuskuren yana cikin ƙwayar, sai da aka yi sabuwa. To, sabuntawa ke nan tana da amfani.

Amma dubi Commodore 64 ta Amurka, wadda ta fito a 1982. A allunan farko ƙwayar umurni tana da ƙafa 24. A allon baya, mai lamba 250469, an haɗe ƙwayoyi biyu sun zama ɗaya mai ƙafa 28. Suna ɗaya, amma ta wannan ba ta zama a gurbin waccan. Haka kuma Amiga 500 ta 1987. Wanda ya so ya sa mata sabuwar ƙwaya ta Kickstart 2.04, in allonsa bugu na 3 ne ko na 5, sai ya haɗa ƙafa ta 1 da ta 31 da 'yar waya. In kuwa bugu na 6A ne, ba ya bukatar haka. Wanda bai duba lambar allo ba, ya kashe kuɗinsa ya zauna yana kallon na'urar da ta ƙi tashi.

A yau ba a cika ciro ƙwayar ba, sai a sake rubuta umurnin a cikinta tana nan inda ta ke. Sunansa BIOS, aikin kuwa shi ne irin wanda masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano ke kira filashin. Hatsarin bai ragu ba. In aka zuba umurnin wani bugu a kan wani, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, allo na iya mutuwa, sai an kai shi ga mai na'urar sake rubuta ƙwaya. Mutumin birni ya hau a-daidaita-sahu ya kai gyara. Malamin Riruwai fa? Sai ya ratsa dajin Falgore, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, yara kuwa na zaune.

Wani zai ce, ai wannan aikin injiniya ne, ina ruwan malami da akawu? Gaskiya ne gyara nasa ne. Amma injiniya ba ya zaune a makaranta, shi kuwa akawu shi ke karɓar kaya ya sa hannu. Wani kuma zai ce a bar na'ura yadda ta zo. Na yarda, muddin tana aiki daidai. Abin da na ƙi shi ne a taɓa ta cikin duhu.

Ga shawarata. Na farko, kowace kwamfuta da ta shigo sito a rubuta sunanta, da lambar allonta, da bugunsa, da lambar BIOS ɗinta a littafin sito, kamar yadda akawunan En'e na dā ke rubuta kowane benci da kowace fitila. Na biyu, kada a sabunta sai da dalili, kuma sai lambar da ke littafi ta yi daidai da ta umurnin da za a zuba. Na uku, a gwada a kan guda ɗaya tukuna, in ta yi mako lafiya sannan a bi sauran. Na huɗu, kada a fara sai da batir ko hasken rana mai ɗorewa. Na biyar, masu sayo wa makarantu kaya su nemi bugu iri ɗaya, su rubuta haka cikin takardar kwangila. Kwalejojin horon malamai kuma su koya wa ɗalibansu buɗe akwati da karanta lambar allo, aikin da bai wuce darasi biyu ba.

Kuɗin da aka sayi na'urorin nan dukiyar talakawa ce, amana ce a hannunmu. Matambayi ba ya ɓata, gaggawa kuwa aikin Shaiɗan ce. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.