Walimar Cocinmu da Maganar Katin Suna

 Wata 'yar magana ce ta cocinmu ta hana ni sakat kwana biyun nan, na ce bari in amayar da ita. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Lokacin da nake zaune a birnin Houston na Amurka, duk shekara cocin unguwarmu kan nemi izinin hukuma a tare titi guda na yini ɗaya. A gasa nama, a raba lemo, a hura wa yara wani ƙaton ɗakin roba su yi ta tsalle, komai kyauta. Amma a bakin shiga akwai tebur, a miƙo maka kati ka rubuta sunanka da lambar waya, wai za a fitar da mai rabo a ba shi kyauta. Bayan mako guda sai ka ji waya, ana gayyatarka sujada ranar Lahadi. Ni kaina na zauna a teburin nan shekara biyu. A can ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, sun saba da talla.

To da na dawo gida Kontagora sai na yi suɓul da baka na ba matasanmu labarin. Ga shi yanzu kwamiti ya zauna, an ce a yi irinsa da Kirsimeti, a gayyaci unguwa kaf, har da katin. Kuma ni aka ɗora wa aikin, tunda ni ne "ɗan Amurka".

Na ce masu walima kam a yi, amma katin nan ban yarda ba. Wani matashi ya miƙe ya ce, "Baba, in ba a karɓi suna ba ina bisharar take? Kuɗinmu ya tafi a shinkafa ke nan?" Tambayarsa ba ta banza ba ce. Ni Kirista ne, kuma ina so kowa ya ji abin da na gaskata. Duk wanda ya ce maka coci na ciyar da jama'a ba tare da wani buri a zuci ba, bai faɗa maka gaskiya ba. Abin da na ƙi shi ne a ɓoye burin kamar ƙugiya cikin tana.

Yaron nan bai yi wayo ba a watan Fabrairun 2006, lokacin da rikicin zanen ɓatanci na jaridar Denmark ya taso daga Maiduguri, aka yi ramuwa a Anaca, wutar ta iso garin nan aka ƙona coci-coci. Ni ina can ƙetare, waya a kunne, ina neman jin ko mahaifiyata na da rai. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka shigar da ita cikin gidansu. Yardar da ta rage tsakaninmu tun daga lokacin da ƙyar aka yi ta ɗinke ta. Sannan ga abin da ya faru a Papiri ta ƙaramar hukumar Agwara a Nuwamban 2025, inda aka kwashe yara daga makarantar St. Mary's ta Katolika. An sako su, mun gode Allah, amma yau wane uba ne, Musulmi ko Kirista, zai ga baƙo yana rubuta sunan ɗansa a takarda gabansa bai faɗi ba?

Kuma wai ma mene ne sabo a ciyar da maƙwabci? Tun ina yaro duk Kirsimeti mahaifiyata kan kira malamin layinmu ya yanka mana akuya, don kowa ya ci hankali kwance. Mu yara mu yi ta zarya da kwanukan shinkafa gida-gida, kwanon kuma ba ya dawowa haka nan. Da Babbar Sallah sai naman layya ya cika mana ɗaki. Ba ta taɓa tambayar kowa lambar waya ba, kuma ba wanda bai san addininta ba. Bishop Timothy Carroll, ɗan ƙasar Ireland da ya fara jagorantar Katolikan yankin nan daga 1995, rijiyoyi ya yi ta sa a haƙa a ƙauyukan Kambari. Kowa ya san fada ne, kowa ya sha ruwan.

Sharuɗɗan da na kai wa kwamiti ba su da yawa. A fara zuwa wajen mai unguwa da limamin masallacin layin a faɗa masu ƙarara cewa coci ce ke yi, kuma fasto zai buɗe da addu'a. Musulmi ya yi yanka. Ko ƙanshin burkutu kada a ji. A kashe lasifika idan an kira salla. Yaro kuwa sai da babba daga gidansu. Wanda ya ci ya ji yana son ƙarin bayani, ai ya san ƙofar cocin.

Jiya da yamma na leƙa wajen maƙwabcina Alhaji na ɗan gutsura masa zancen. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Wa zai yi yanka?" Na faɗa masa. Ya ce to a bar masu gefe guda da za su shimfiɗa tabarma su yi la'asar. Ranar Lahadi zan kai wa kwamiti wannan, ga kuma maganar kati da har yanzu matasa ba su haƙura da ita ba.