NAZARI: Ga biza a hannu, babu tikitin dawowa: Wa ke da ikon tare matafiyi?

Wani maƙwabcina a Kado, wanda hadimi ne ga wani darakta a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, ya dawo gida da akwatinsa wajen ƙarfe 11 na dare, a ranar da ya kamata ya kwana cikin jirgi. Bizarsa ta yawon buɗe ido lafiyarta ƙalau, fasfonsa ma da sauran shekara uku. Abin da ya hana shi wuce teburin kamfanin jirgi shi ne rashin tikitin dawowa. Maigidansa bai tsayar da ranar komowa ba, shi kuwa sai ya yanki na zuwa kaɗai, da niyyar in an gama abin da ya kai su ya sayi na dawowa a can. Da muka haɗu washegari, tambaya ɗaya ya yi mini: wace doka ce ta ce sai da shi?

Kafin a je ga dokar, akwai abin da da yawa daga cikinmu ba mu son ji. Biza izni ce ta isa bakin ƙofa. Buɗe ƙofar kuwa na hannun jami'in shige-da-ficen ƙasar da aka je. A watan Nuwamba na 2023 jirgin Air Peace ya sauka Jidda da fasinjoji 264 da ya kwaso daga Legas da Kano, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu a nan take. Bayan jami'an diflomasiyyar Najeriya sun sa baki aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ba tikiti ne ya jawo wannan ba, Saudiyya cewa ta yi bayanan da suka bayar wajen neman biza ba daidai ba ne. Amma lamarin ya nuna iyakar ƙarfin takardar da ake manna wa mutum a fasfo.

Su kansu dokokin ba bakinsu ɗaya ba. Dokar baƙi ta Birtaniya ba ta tilasta wa mai ziyara sayen tikiti ba. Abin da take nema shi ne ya gamsar da jami'i cewa zai bar ƙasar idan ziyara ta ƙare, kuma yana da kuɗin da za su ishe shi zama har da kuɗin komawa gida. Amurka ma haka: sashe na 214(b) na dokarta ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama dindindin, har sai ya nuna abin da zai dawo da shi, kamar aiki da iyali da dukiya. Ma'aikatar harkokin wajenta ma shawara take bayarwa kada a sayi tikiti kafin biza ta fito. Ƙasashen Turai na yarjejeniyar Schengen sun fi fitowa fili: dokar iyakokinsu ta 2016 ta ambaci tikitin dawowa cikin takardun da jami'i zai iya neman mai yawon buɗe ido ya nuna, kuma zaman ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180.

Ashe ke nan maƙwabcina bai yi ƙarya ba da ya ce akwai ƙasashen da dokarsu ba ta ambaci tikiti ba. Inda lissafinsa ya ɓaci shi ne, ba alƙali zai fara tarar ba, ma'aikacin kamfanin jirgi zai tarar. Bisa ƙa'idojin sufurin jiragen sama da suka samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, idan ƙasa ta ƙi karɓar fasinja, kamfanin da ya kai shi ne ke da alhakin ɗauke shi daga can, wani lokacin har da tara. Shi ya sa ma'aikacin ke duba rumbun bayanai na Timatic, mallakar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA, inda aka jera sharuɗɗan kowace ƙasa ga kowane fasfo. Da ya ga alamar ana iya tambayar tikitin fita, to gudun asara zai sa ya mayar da shi wajibi. Kuma a faɗi gaskiya, koren fasfo ba ya cikin waɗanda ake yi wa uzuri. A watan Yuli na 2025 Amurka ta mayar da mafi yawan bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. A irin wannan yanayi, matashi mai tikitin zuwa kaɗai ya riga ya tayar wa kansa da tambayoyi.

Hadimai sun fi kowa faɗawa wannan rami. Maigida yana tafiya da fasfon gwamnati da takardar Ma'aikatar Harkokin Waje, ana karɓarsa da girmamawa. Na bayansa kuwa, wanda aka nema wa bizar yawon buɗe ido cikin gaggawa don ta fi saurin fita, shi kaɗai zai tsaya gaban jami'i. Idan ya ce aikin ofis ya kawo shi, bizarsa ta ƙaryata shi a ƙasashen da suka raba bizar aiki da ta shaƙatawa. Idan ya ce yawo ya zo, a tambaye shi ranar komawa, ya ce sai yadda oga ya ce.

A nan ne wasu dillalan tafiye-tafiye ke kawo abin da suke kira sauƙi: takardar kama kujera da ba a biya ba, wadda ke mutuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wajen neman biza, akwai ofisoshin jakadancin da ke karɓar irin wannan, muddin ta gaskiya ce. Amma miƙa ta a bakin iyaka da sunan tikiti, bayan ta riga ta mutu, ko miƙa wadda aka ƙera a kwamfuta, wannan ganganci ne. Birtaniya na iya hana wanda ta kama da yaudara shiga har shekara 10. A Amurka haramcin na iya zama na har abada. A ganina ma'aikacin da ke fatan a tura shi kwas ko taro nan gaba bai kamata ya sayar da wannan damar don gudun kuɗin tikiti ɗaya ba. Tikitin da ake iya sauya wa rana ya fi tsada, amma shi ne maganin maigidan da bai tsayar da magana ba. Ko kuɗin guzuri na dala da ake nema ta banki, sai an nuna tikitin zuwa da dawowa.

Masu ganin wulaƙanci ne ake yi mana, su leƙa gida. Hukumar Shige-da-Fice ta Najeriya na neman tikitin komawa daga duk baƙon da ke son bizar yawon buɗe ido, tare da shaidar masauki da ta kuɗin kashewa. Daga 1 ga Mayu, 2025, ƙarƙashin Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo, aka fara bayar da biza ta intanet, aka kuma sanar da tarar dala 15 kan kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa. 'Yan ƙasashen ECOWAS ne dai yarjejeniyar 1979 ta ba damar shiga ba biza na kwana 90.

Maƙwabcin nawa ya tashi bayan kwana biyu, da tikitin zuwa da dawowa da ya biya daga aljihunsa. Ya ce a can babu wanda ya ko tambaye shi tikitin. Takardar neman a mayar masa da kuɗinsa kuwa tana ofis, ana jiran sa hannu.